Kafin Ka Tsine wa Sarauniyar Muhalli, Bishiya Nawa Ka Raya?

A ƙasar Filifins akwai wata gasar sarauniyar kyau da ake yi duk shekara tun 2001, sunanta Miss Philippines Earth. 'Yan mata ne ke fitowa, kowacce da sunan garinsu, a ci kwalliya, a yi rangwaɗa a kan dandamali, alƙalai su ba da maki, kamar dai sauran irin waɗannan gasanni. Abin da ya bambanta ta shi ne, duk wadda za ta shiga sai ta zo da wata matsalar muhalli da ta ce za ta yaƙa: shara ce, sare daji ne, gurɓatar ruwa ce ko sauyin yanayi. A kan wannan ake yi mata tambayoyi. Wadda ta yi nasara ita ke wakiltar ƙasar a babbar gasar duniya mai suna Miss Earth, kuma kamfani ɗaya ne, Carousel Productions, ke shirya su duka biyun. Ƙasashe da dama na tura wakilai, har da Najeriya. Hatta sarautun da ake ba waɗanda suka biyo bayan sarauniyar, sunayen iska da ruwa da wuta aka sa musu.

Na san abin da ke bakinka tun kafin ka gama karanta wannan sakin layi. Za ka ce an dai fake da guzuma ne ana harbin karsana, tallan jikin mata ne aka lulluɓe da ganyen bishiya. Ke ma 'yar uwa wataƙila kin riga kin yi tsaki. To ku ɗan dakata da yatsa kafin ku sauka wajen sharhi. Ba na zo in ce ku so gasar ba ne. Akwai wani abu guda da masu gasar nan suka gane wanda mu da ke kwana a TikTok da Facebook har yau ba mu gane ba, kuma rashin ganewar yana cutar da mu fiye da yadda gasar ke cutar da mu.

Mu fara da dalilin da ya sa a Filifins aka haifi irin wannan gasa. Ƙasa ce ta tsibirai sama da 7,000, kuma duk shekara guguwa kusan 20 ke shiga yankinta. A watan Nuwamban 2013 guguwar Haiyan ta afka wa birnin Tacloban da kewaye, ta kashe mutum fiye da 6,000. Ga kuma masifar leda da roba. Talakan can kamar namu yake, ba ya iya sayen babban mazubi, sai 'yan ƙananan ƙunshi: sabulun wanki na yau, gahawar yau, man wanke gashi na yau. Kowane ƙunshi leda ne da ba ya ruɓewa. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya sa Filifins a kan gaba cikin ƙasashen da kogunansu ke kwarara roba cikin teku, kogin Pasig da ya ratsa Manila yana sahun farko. A gefe guda kuma, mutanen ƙasar suna son gasar kyau kamar yadda matasanmu ke son Firimiya. Sai masu shirya gasar suka ce, tunda idon jama'a na nan, bari mu kai maganar nan.

Wannan shi ne abin da suka gane. Hankalin jama'a dukiya ne, kuma duk wanda ya same shi ya ci bashi. Sarauniyar da aka naɗa ba gida take komawa ta riƙa ɗora hotuna ba kawai. Akwai zagayen makarantu, akwai dashen itatuwa, akwai kwashe shara a bakin teku, kuma an rubuta ayyukan a yarjejeniya. Wadda ta lashe Miss Earth ta 2002, 'yar ƙasar Bosniya, an karɓe kambun daga hannunta bayan 'yan watanni bisa dalilin rashin cika sharuɗɗan yarjejeniyar, aka miƙa wa Winfred Omwakwe ta Kenya. Karen Ibasco kuwa, wadda ta ci gasar ƙasarsu sannan ta ci ta duniya a 2017, masaniyar kimiyyar fiziks ce a fannin lafiya. Ba kowace ke hawa dandamalin da kai fanko ba.

Amma fa kada wannan ya sa mu ruɗe. Gasar na da nata kashin a gindi, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko, gasar kyau ce, da sikelin tsayi da shekaru da sura, har da zagayen fitowa da kayan ninkaya. Yarinyar da ta fi kowa sanin ƙasa da ruwa a ƙauyensu, in ba ta da irin surar da ake so, ko ƙofar ba za ta gani ba. Na biyu, taro ne na jiragen sama da otal-otal da fitilu da rigunan da ake sawa dare ɗaya, wato irin rayuwar da ake cewa a rage saboda muhallin. Na uku, kuma mafi muni, a gasar duniya ta 2018 'yan takara uku, daga Kanada da Ingila da Guam, sun fito fili sun zargi wani daga cikin masu ɗaukar nauyin gasar da neman yin lalata da su. Duk wanda ya ce wannan tsari na jefa 'yan mata cikin haɗari, yana da abin nunawa. Wanda kuma ya ƙi gasar saboda addininsa da tarbiyyarsa, ba ya bukatar neman izinin kowa.

Akwai wani aibin da ya fi shafar maganarmu. Kamara na son ranar dashe, ba ta son ranar ban ruwa. Masana a Filifins sun daɗe suna kokawa cewa yawancin itatuwan bakin teku da aka yi ta dasawa a shirye-shirye daban-daban na ƙasar ba su rayu ba, saboda an dasa irin da bai dace ba a wurin da bai dace ba. Ba laifin sarauniyar kyau kaɗai ba ne wannan, cutar duk wani aikin muhalli ce da aka yi don hoto. Mu ma mun san ta. Sau nawa ka ga babban mutum da babbar riga ya durƙusa ya dasa tsiro, an tafa, an watse, bayan sati biyu akuya ta yi kalaci da shi?

To ina ruwanmu da gasar da ake yi a can ƙarshen duniya? Ruwanmu shi ne mun taɓa nuna irin ƙarfin da muke da shi a kan wannan magana. Ka tuna watan Disamban 2021, lokacin da Shatu Garko, 'yar shekara 18 daga Kano, ta lashe gasar Miss Nigeria sanye da hijabi. Wannan gasa daban take da Miss Earth, amma dubi yadda muka yi. Kwana da kwanaki ba a maganar komai sai ita. Masu yabo na yi, masu tsinuwa na yi, malamai sun yi magana, Hisbah ta yi magana, an ƙone data ta miliyoyin naira. Ko me ra'ayinka a kan lamarin, ka ga dai yadda muke iya tashi tsaye idan abu ya taɓa mu.

Ba a cika shekara ba, daminar 2022 ta zo da ambaliyar da ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. Mun yi jaje, mun ɗora hotuna, wasu sun tara gudummawa, Allah ya saka musu. Daga nan fa? Wane tauraro ne a cikin masu mabiya miliyan ya riƙe maganar har wata shida? Wa ya dage yana tambayar yadda aka bar madatsar ta lalace? Gaskiya ne ba ledar fiya-wata ce ta fasa Alau ba, wannan alhaki na hukuma ne. Amma ruwan da ke shiga ɗakuna a unguwanninmu duk damina, ka leƙa kwatar ƙofar gidanku ka ga abin da ya toshe ta.

A nan ne nake ganin mun yi wa kanmu sauƙi da yawa. Mu ma fa muna da gasar kyau, kullum ma ake yin ta, ba sai shekara-shekara ba. Buɗe wayarka ka gani. Wa ya fi haske, wa ta fi iya ɗaurin kallabi, wa ya fi mota, wa ta fi lefe. Alƙalan mu ne, makin kuma layik ne. Bambancin kawai, sarauniyar Filifins an ce mata ga aikin da za ki yi a madadin wannan suna, in kin ƙi a karɓe kambun. Namu taurarin ba wanda ya ɗora musu ko da tsinke. Mu muka naɗa su, mu muke biyan kuɗin sarautar da datarmu, kuma ba mu taɓa tambayarsu komai ba sai sabon bidiyo. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Idan kana son ganin aikin muhalli da ba shi da kambu, ba sai ka je nesa ba. Tsallaka Maradi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 manoman can suka fara abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon su sassabe gona ƙaf kamar da, sai su bar kututturan da ke tohowa, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, su datse sauran, su kare su daga dabba da gatari. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa dabarar, amma manoman ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona. An ƙiyasta cewa ta haka aka raya bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar wa gero rana da taki, ta yi ganye da rani ta ba dabbobi abinci da inuwa. Waɗannan mutane sun yi abin da ya fi na duk wata sarauniyar kyau, amma ka tambayi abokanka goma, nawa ne suka taɓa jin labarin?

Ka ga inda gizo ke saƙar. Masu aikin ba su da masu kallo, masu masu kallo ba su da aikin. Gasar Filifins yunƙuri ne na haɗa biyun, ta hanyar da da yawanmu ba za mu yarda da ita ba. Shi ke nan, mun ƙi hanyarsu. Ina tamu?

Ba sai an sa wa kowa kambu ko an tuɓe wa kowa mayafi ba. Muna da gasar ƙwallon unguwa, muna da kacici-kacicin makarantu, muna da gasar gajerun labarai, kuma mun san yadda gasa ke motsa matashi. Me zai hana unguwanni su yi gasar dashe, amma a ƙi ba da kyauta ranar dashen? A bari sai watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙwaƙwalwa, a zagaya a ƙirga waɗanda suka rayu. Layin da darbejiyarsa ta fi tsira shi ya ci. Me zai hana 'yan mata masu sayar da kaya a Instagram su yi gasar wadda ta fi rage leda a ƙunshin kayanta? Me zai hana a yi gasar gajeren bidiyo a kan kwata ɗaya tak, a nuna ta yau, a nuna ta bayan wata uku, a nuna ta tsakiyar Agusta? Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a 2024. Su ma mutane ne kamarmu, kuma sai da wasu suka dame su da magana kafin a kai ga doka.

Kai kuma mai mabiya dubu hamsin, ke kuma mai dubu ɗari, kada ku ce wannan aikin gwamnati ne ko na ƙungiyoyi. Gwamnati na da nata kason, kuma babba ne, amma ba ta cika motsi ba sai ta ji surutu, surutun kuwa a hannunku yake. Ku ɗauki abu ɗaya kawai. Bolar da ke bayan makarantar firamaren unguwarku, ko kududdufin da ake cikewa ana gini a kai, ko masu sare bishiyar gefen titi su yi gawayi. Ku riƙe shi shekara guda, ku riƙa kiran sunan hukumar da abin ya rataya a wuyanta, cikin ladabi amma ba gajiya. Mu kuma masu kallo mu canza abin da muke tafa wa. Duk tauraron da ya ɗora hoton dashe, a tambaye shi hoton bishiyar bayan wata shida. In babu, a gaya masa babu.

Ita ma sarauniyar Filifins da wannan mudun ya kamata a auna ta. Rigarta da murmushinta ba su dame ni ba, jawabinta ma bai dame ni sosai ba. Abin tambaya shi ne me ya rage a ƙasa bayan ta miƙa kambun ga wata. In akwai makarantar da yaranta suka daina zubar da shara a kogi, ta biya wani abu daga bashinta. In babu komai sai hotuna, to masu sukarta sun yi gaskiya.

Sai dai mudun da ka auna wa wani, da shi za a auna maka. Lokacin da hoton wata sarauniyar zai sake yawo a wayoyinmu, kuma zai yi, kana da 'yancin ka ce ba ka yarda ba. Ka faɗa, ka kuma faɗi dalilinka. Amma idan ka gama rubuta sharhin, ka ajiye wayar ka fita ƙofar gida. Ka duba kwatar, ka duba ko akwai inuwar da wani zai zauna a ƙarƙashinta nan da shekara goma saboda kai. Damina na tafe, kuma ruwa ba ya karanta sharhi.