Matuƙin Jirgin Da Ke Tsoron Kora

A wannan mako za mu duba ja-in-jar da ake yi tsakanin ƙungiyar matuƙa jiragen sama da kamfanonin da suka ɗauke su aiki. Mutumin Bolari a cikin garin Gombe, wanda ke fama da kuɗin masara da na makarantar yara, in ya ji an ce matuƙa jirgi na neman ƙarin albashi, sai ya ce ai wannan kukan daɗi ne. Amma kuwa shi ɗin ne za a raka filin jirgin sama na Lawanti ran da Allah Ya kira shi aikin Hajji, ya shiga ya zauna, ya danƙa ransa, bayan Allah, a hannun mutum biyu da ke gaban jirgin, waɗanda bai taɓa sa wa ido ba.

Masu karatu za su tuna cewa a cikin watan Agusta na 2020, bayan annobar korona ta tsayar da zirga-zirga wata da watanni, kamfanin Air Peace ya sallami matuƙa wajen 70, ana tsakiyar gardama a kan rage albashi, har sai da Ministan Sufurin Jiragen Sama na lokacin, Hadi Sirika, ya sa baki. A cikin watan nan dai kamfanin Bristow, mai ɗaukar ma'aikatan man fetur a jirage masu saukar ungulu, ya sallami matuƙa da injiniyoyi wajen 100, jim kaɗan bayan ƙungiyarsu ta NAAPE ta shiga yajin aiki. Babban kukan ƙungiyar shi ne bambancin da ake yi tsakanin ɗan ƙasa da baƙo: aiki ɗaya, jirgi ɗaya, amma na baƙo da dala ake lissafa masa, na ɗan ƙasa kuwa a juya shi zuwa Naira bisa tsohon farashin canji.

Ba mu ce kamfanonin nan ba su da nasu uzurin ba. Jirgin da ke ajiye cin kuɗi yake yi, kayan gyaransa kuma duk da dala ake saye. To amma abin lura shi ne, a wuraren biyu maganar kuɗi aka fara, da takardar sallama aka ƙare. Saboda haka a ganinmu, in an zauna teburin shawara, sharuɗɗan kora ya kamata a fara rattaba wa hannu, sa'an nan a zo kan albashi.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. A dokar sufurin sama ta duniya, kyaftin ne ke da magana ta ƙarshe game da tashin jirgi. Ran da hazo ya rufe Gombe da hunturu, har mutum ba ya hango ƙarshen layinsu, ko ran da wata na'ura ta nuna alamar ciwo, shi ne zai dubi manaja ya ce yau ba tashi. Fasinjoji su yi ta zagi, kamfani ya yi asarar miliyoyi. Wannan "a'a" ita ce mafi tsadar abin da muke saye da kuɗin tikitinmu. Yaya mutumin da ake bin kamfaninsa bashin albashin wata uku, wanda kuma ya san akwai samari da suka gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya suna zaune gida suna jiran kujerarsa, zai iya furta ta da ƙarfin zuciya?

A Amurka, matuƙan kamfanin Delta sun sami ƙarin kashi 34 cikin 100 a tsawon shekara huɗu a yarjejeniyar da suka amince da ita a 2023. Wannan adadi shi jaridu suka yi ta yayatawa. Amma ƙashin bayan irin waɗannan yarjejeniyoyi shi ne jerin daɗewa a aiki: in za a rage ma'aikata, daga na baya-bayan zuwa ake farawa, in kasuwa ta farfaɗo kuma a bi jerin a maido su. Manaja ba shi da ikon tsince wanda ya cika baki a taron ƙungiya.

Mu nan gida akwai wata larura da ta fi wannan, watau gajeren kwanan kamfanoninmu. Ina Okada, ina Chanchangi, ina Bellview? Uwa-uba Nigeria Airways, wanda ya daina tashi a 2003. Sai a 2018 Gwamnatin Tarayya ta saki fiye da Naira miliyan dubu 22 daga cikin haƙƙin tsofaffin ma'aikatansa da ya maƙale, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya suna jira. In kamfanin gwamnati ya yi haka, me za a ce da na ɗan kasuwa?

Don haka lalle ne ƙungiyar NAAPE ta dage a rubuta cewa kuɗin sallama a riƙa zuba shi duk wata a wani asusu da ke wajen kamfani, inda masu bin kamfani bashi ba za su taɓa shi ba. Haka kuma a tanadi inshora domin matuƙin da likita ya hana shi lasisi, tun da yake ciwon zuciya ko raunin ido na iya raba shi da sana'arsa a rana ɗaya. Hukumar NCAA, mai sa ido kan sufurin sama, ita ma tana da ta cewa: kamfanin da ya kasa biyan albashin matuƙa a kan kari, ya kamata ta tura masu bincike su duba littafin gyaran jiragensa a cikin makon nan.