Ilimi Bai Faɗi Da Kansa Ba, Kayar Da Shi Aka Yi

Dattawa a Anka, Gummi da Bukkuyum suna yawan cewa ɗan firamare na da ya fi ɗan sakandare na yanzu iya rubuta wasiƙa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a tuna, kafin shirin UPE na 1976 'yan ƙalilan ne ke shiga boko, malami ya san kowane ɗalibi da sunan ubansa. Da aka buɗe ƙofa ga kowa, yara suka cika azuzuwa, amma ba a tanadi ƙwararrun malamai da littattafai daidai yawansu ba.

Maimakon gyara, sai mahukunta suka koma sassauta ma'auni. A 2013 makin shiga makarantun sakandaren tarayya, irin wadda ke Anka, ya kasance 139 ga ɗan Anambra, 4 ga ɗa namiji daga Zamfara. A 2017 JAMB ta sauke mafi ƙarancin makin shiga jami'a daga 180 zuwa 120. Wannan ba gata ba ne, rufe ciwo ne da tsumma.

Ga kuma abin da ya faɗa wa yaran kansu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu. A 2021, bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun, aka rufe makarantu. An kuma riƙe sakamakon ɗalibai saboda bashin WAEC da NECO da gwamnatin jiha ta tara, har sai da aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023. To, yaron da aka yi wa haka, da wane baki za a kira shi daƙiƙi?

Amma 'yan'uwa matasa, zaluncin da aka yi muku ba zai halatta muku satar amsa ba. Takardar da aka samu da maguɗi shaidar zur ce, kuma mai ita ne gobe zai tsaya gaban allo ya koyar da ƙannenku abin da bai sani ba.

Saboda haka duk wanda ya gama sakandare ya tara yaran unguwarsu, ko da biyar ne, ya koya musu karatu da lissafi. Ku riƙa leƙa makarantar garinku, ku ga ko malamai na zuwa, ku kai maganar ga iyaye da shugaban makaranta. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.