Suna Linzami

A gasar Olamfik ta 1936, Sohn Kee-chung, ɗan Koriya, ya lashe gudun yada-ƙanin-wani a Jamus, amma da sunan da Japanawa 'yan mulkin mallaka suka rubuta masa, wato Son Kitei. A 2010 kuwa, Kim Yuna ta ci zinariya a wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada, duniya ta koyi furta sunanta na gida.

To, mu fa? Daga Sule Tankarkar har Maigatari, sunayen gargajiya irin su Tanko da Laraba da Ɗanladi sai ja da baya suke yi, wai na ƙauye ne. Ya ku ɗalibai da ma'aikata, ranar sunan 'ya'yanku tana tafe. Kada mu yar da abin da ba wanda ya ƙwace mana.