Dashen Biki Ba Ya Mai da Daji

Duk 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace, sai a kafa rumfa, manya su iso da manyan riguna, a cusa ɗan dogon yaro cikin rami, a tsiyaya masa ruwa buta guda, a ɗauki hoto. Kafin kaka akuya ta yi kalaci da shi. In ka yi kukan daji ya ƙare, zabin daji da zomo sun yi ƙaura, sai a ce ai bara dubu kaza aka dasa. Wannan lissafin dokin rano ne.

Ga misali: a tsibirin Hainan na ƙasar Sin akwai wani biri marar wutsiya mai dogayen hannuwa, gibon, wanda da wuya ya taka ƙasa. Wajen 1950 sun kai 2,000. Aka sare kurminsu, aka jera itacen roba, mafarauta suka ƙarasa aikin. A 2003, 13 kacal aka ƙirga. Ai roba ma itace ce, kore shar, amma ba abin da birin zai ci a cikinta. Sai da aka tsare guntun kurmin asali na Bawangling suka farfaɗo, yanzu sun kai wajen 40.

To mu a Matamaye wa zai koya mana wannan? Fita hanyar Magariya ka dubi gawon da ya rufe gonaki. Ba wanda ya dasa shi da kakaki. Bayan farin shekarun 1980 manoma ne suka daina sassabe na ƙarƙaf: in an tarar da toho a kututture sai a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Gawo kuwa ɗan halak ne, yana kakkaɓe ganye da damina ya bar wa hatsi rana, da rani ya zubo wa bisashe 'ya'ya, tsuntsu ya samu wurin sheƙa. Ta haka aka rayar da kadada kusan miliyan 5 tsakanin Maraɗi da Damagaram.

Tun 2020 doka ta amince manomi na da haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Manoma nawa suka ji labarinta? Masu unguwanni da gidajen rediyo, ku kai ta kowane ƙauye da Hausa. Kuɗin rumfa da lemon baƙi na bana kuwa, a ba waɗanda ke gadin toho daga gatarin masu itacen sayarwa.