Ra'ayinmu: Gidan Sidi Ka da bashin da ke kanmu

Duk wanda ya shiga tsohon garin Agadas ya tambayi gidan mai burodi, yara ma za su kai shi. Gidan Sidi Ka ke nan, attajirin da ya gina shi a shekarar 1917, shekarar da sojan Faransa suka sake kama garin bayan tawayen Kawsan. Lokacin tsoro ne da gudun hijira, amma ɗan kasuwan nan ya zuba dukiyarsa cikin ginin ƙasa.

Daga waje katanga ce ta laka kamar ta kowa. Sai an hau bene ake ganin aikin magina: ɗaki mai bakan gizo, bango cike da zane da ƴan tagogin ajiye kaya, duka da hannu aka fitar da su. Kaurin bangon shi ke tsare zafin rana, ya riƙe ɗumi lokacin ɗari. Kyan ɗakin ya sa Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa na 1990 a ciki. A 2013 kuma hukumar UNESCO ta saka tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

To amma takardar UNESCO ba ta hana ruwa zuba. Ginin ƙasa yaɓe yake so da gyaran indararo kafin kowace damina. Mun ga abin da ruwan 2024 ya yi: tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya rushe, gidaje da dama sun lalace a Agadas.

Saboda haka muna magana da mutum biyu. Ma'aikacin gwamnati, a Yamai ko a ofishin magajin gari, ya sani kuɗin yaɓe na shekara ba su kai na taron ƙara wa juna sani guda ba. A ware su cikin kasafi, a biya maginan gargajiya tun dattawansu na da rai su koyar da yara. Alhazanmu na Maraɗi, Tawa da Damagaram kuwa, masu gina benaye na siminti, su tuna wannan gida ɗan'uwansu ne ya bar shi. Da riba aka gina shi, da riba ya kamata a tsare shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in ya faɗi, laifinmu ne.