SHARHI: Ina iyakar ikon ɗan sanda wajen bayar da beli?

A caji ofis da dama a Najeriya akwai sanarwa manne a bango cewa beli kyauta ne. Duk da haka, iyalai kan sayar da akuya ko waya domin fito da ɗansu daga hannun 'yan sanda. Abin da ke raya wannan ciniki shi ne rashin sanin inda ikon ɗan sanda ya fara da inda ya ƙare.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta gurfanar da wanda aka kama a gaban kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40. Idan babu, kwana biyu ne, ko wani lokacin da kotu ta ga ya dace. Sashe na 36 kuma ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa.

A kan wannan tushe Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda aka fi sani da ACJA, ta yi tanadi a sashe na 30. Idan laifin ba mai hukuncin kisa ba ne, kuma ba zai yiwu a kai mutum kotu cikin awa 24 ba, baturen 'yan sanda zai sake shi a kan beli, da mai tsaya masa ko ba tare da shi ba. Sharaɗin shi ne ya dawo a ranar da aka sa masa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita wannan tanadi, jihohi irin su Kaduna a 2017 da Kano a 2019 suka kafa nasu dokokin a kan wannan tsari.

Iyakar tana wajen laifukan da hukuncinsu kisa ne, kamar kisan kai, fashi da makami da cin amanar ƙasa. A nan ɗan sanda ba shi da ta cewa. Aikinsa shi ne ya miƙa lamarin ga Antoni Janar domin shawara, ya kuma kai mutumin kotu. Sashe na 161 ya bar belin irin wannan ga alƙalin babbar kotu kaɗai, shi ma sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani. Hikimar a fili take: kada wanda ke riƙe da mabuɗin ɗakin tsaro ya zama shi ne mai yanke wa rai farashi.

Sai dai iyakar da aka gindaya domin kariya ta zama makami a hannun ɓata-gari. Ana iya ɗaga ƙaramar sata zuwa fashi da makami a takardar tuhuma, nan take ƙofar beli ta rufe. Daga nan sai a kai mutum gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron shari'ar, ya ba da umarnin tsarewa. ACJA ta taƙaita wannan tsarewa zuwa kwana 14 a karon farko, da damar sabuntawa ƙayyadaddiya, amma jinkirin shawarar ma'aikatar shari'a kan mayar da makonni shekaru. Wannan na cikin dalilan da suka sa kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali masu jiran shari'a ne.

Dokar ba ta bar jama'a haka nan ba. Sashe na 32 ya ba da damar kai kuka kotu idan an riƙe mutum fiye da awa 24 a kan laifin da ba na kisa ba. Sashe na 34 ya umarci majistare ya riƙa ziyartar caji ofis duk wata, ya duba rajistar kame, ya ba da beli inda ya dace. An haramta kama wani a madadin wani, an haramta kame saboda bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma mace na iya tsayawa beli.

Matasan da suka fito zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 suna da tambaya mai sauƙi da za su riƙa yi wa manyan alƙalan jihohinsu: yaushe majistare ya ziyarci caji ofis ɗin unguwarsu, kuma ina rahotonsa? Muddin ba a amsa ta, sanarwar bango za ta ci gaba da zama ado.