Ɗan fashin teku da mai hatimi

A shekarar 2020, cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka yi garkuwa da su a duniya, 130 a mashigin Tekun Gini aka ɗauke su. Kunyar ta isa, gwamnati ta tashi tsaye. Aka fara hukunta 'yan fashi da dokar yaƙi da fashin teku ta 2019, a Yunin 2021 kuma Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue a ƙarƙashin hukumar kula da sufurin ruwa ta NIMASA, da jiragen sintiri na ruwa da na sama, a kan dala miliyan 195. Fashin ya ragu ƙwarai, wannan kam a yaba.

Sai dai jirgin sintiri mai bindiga yake kora, ba ruwansa da mai biro da hatimi. A Janairun 2017 jami'an kwastan sun tare kwantena ɗauke da bindigogi 661 a kan titin Legas, bayan ta riga ta fito daga tasha. Wato akwai wanda ya sa hannu cewa an duba ta. A Yulin 2024 aka baje bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne, an cusa su cikin ƙofofi da kayan ɗaki daga Turkiyya. Waɗannan su ne aka kama.

Mu 'yan Arewa muna jin labarin teku kamar na wata duniya, alhali tiramol ɗin da ya haukata matasan unguwanninmu galibi ta kwantena ya shigo. Jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai bai taɓa ganin uwar yaron da ƙwayar ta haukata ba, shi ya sa yake barci lafiya. A wurina laifinsa ya fi na ɗan fashi, don ɗan fashi ba a ba shi amana ba, bai yi rantsuwar kama aiki ba.

Kada kuma Alhajin kasuwar Kwari ko Singa ya ce ba ruwansa. In ya ce wa ejan ɗinsa ya san yadda zai yi kaya su fito ba a buɗe ba, don gudun haraji, ya raya hanyar da mai makamai zai bi gobe. Jami'in da ya saba sakin atamfa ba dubawa ba zai tsaya tambayar abin da ke cikin kwantena ta gaba ba.

Yanzu ga tashar tudu a Kaduna tun 2018, ga ta Dala a Kano tun 2023. Kwantena tana isowa da hatiminta, a nan gida za a buɗe ta, kuma 'ya'yanmu ne za su sa hannu.